Sai Na Nemi Izinin Mai Gona Kafin In Ɓoye Akwatin Jiyokashin?

"Malam, barka da warhaka. Ni ɗalibi ne a Leeds, shekarata ta biyu ke nan a Ingila. Wani abokin karatuna Bature ya koya mini wasan jiyokashin, kuma zuwa yanzu na gano akwatuna wajen 40. Yanzu ina so in ɓoye nawa. Na samu wuri a bayan gari, gefen wata hanyar ƙafa da ta ratsa gonar tumaki, akwai kogo a jikin katangar duwatsu daidai girman robar da na saya. Abokin nawa ya ce ba sai na tambayi kowa ba tunda hanyar ta jama'a ce. Haka ne? In ba haka ba ne, wa zan tambaya, kuma me zan ce masa? Sannan in na je gida hutu ina sha'awar in ɓoye ɗaya a garinmu."

Barka kadai, ƙanena. Tambayoyi uku ka ɗauro a ƙulli ɗaya: ko hanyar jama'a ta ɗauke maka neman izini, yadda ake gano mai wuri a shawo kansa, sai kuma batun gida. Ta farkon amsarta gajera ce. Abokinka ya yi kuskure, irin kuskuren da ni ma na yi da akwatina na farko. Akwai kuma abin da ba ka tambaya ba wanda dole in faɗa maka: wannan kogon katangar ka haƙura da shi, ko da mai gonar ya ce ya yarda.

Ga wanda bai san wasan ba, mutum ne zai ɓoye 'yar roba ko gwangwani da takardar sa hannu a ciki, ya buga lambobin GPS na wurin a intanet, wasu su bi da wayarsu su gano, su sa hannu, su mayar yadda suka tarar. Asalinsa daga Amurka ne. A ranar 2 ga Mayu 2000 gwamnatin ƙasar ta daina dagula siginar GPS da farar hula ke amfani da ita, wadda a da takan kauce da kusan mita 100. Washegari wani mai suna Dave Ulmer ya ajiye baƙin bokiti kusa da Beavercreek a jihar Oregon ya sanar da lambobinsa. A watan Satumba na shekarar Jeremy Irish ya buɗe shafin Geocaching.com da akwatuna 75 kacal. Yau sun haura miliyan 3. Lokacin da suke 75 babu mai filin da ya san ana yi, amma da abin ya yawaita sai masu gonaki da hukumomin gandun daji suka fara tsintar robobi a filayensu, su ga baƙi suna laluben gindin bishiyoyi. Daga nan ƙa'idoji suka tsananta. Shi kansa bokitin Ulmer rabinsa a binne yake, da yau ne za a kai shi da ba a karɓa ba, don ƙa'ida ta hana binne akwati.

Wani abin da sabbin shiga ba sa ganewa shi ne aikin mai tantancewa. In ka aika da shafin akwatinka, wani ɗan sa-kai ne zai duba kafin a buga. Ba zai taka ya je wurin ba. Taswira yake dubawa, ya ga ko akwai tazarar mita 161 tsakaninka da akwatin da ya fi kusa, ko ka faɗa cikin wurin da aka hana, ko ka matso makaranta ko layin dogo ko barikin soja. Batun izini kuwa, da ka danna aikawa ka riga ka shaida cewa ka samu, a wuyanka yake. Don haka ganin an buga akwatin wani ba hujja ba ce cewa mai filin ya sani. Da yawa daga cikin 40 ɗin da ka gano, in an bi diddigi, mai yiwuwa ba a tambayi kowa ba, kuma wannan ne ya sa abokinka yake ganin haka ake yi.

Hanya ta jama'a ce, ƙasar kuwa da mai ita

Ka tuna burtali a gida. Makiyayi yana da ikon ya bi da shanunsa ta tsakanin gonaki, babu mai hana shi, amma wannan bai ba shi damar kafa rumbu a kan hanyar ko ajiye kayansa a gonar da ke gefe ba. Hanyoyin ƙafa na Ingila ma kusan haka suke. Doka ta ba ka ikon wucewa da dawowa, har ka ɗan tsaya ka huta ko ka kalli wuri. Ƙasar da kake takawa, da shingen, da katangar, da ƙofar, duk na mai gona ne. Ajiye kaya na watanni ko shekaru ba ya cikin wucewa, balle kuma gayyato mutane su zo su nema. Dokar shekarar 2000 da ta buɗe wa masu tafiya a ƙasa tuddai da filayen kiwo na gama-gari ita ma yawo ta halatta, ba ta ce a bar kaya ba.

Wannan gayyatar ita ce ainihin maganar a wurina. Roba ɗaya ba ta cutar da gona. Abin da kake yi a zahiri shi ne sa alama a taswirar duniya kana cewa kowa ya zo nan, dare ko rana, damina ko rani, har shekara biyar ko goma, a filin mutumin da bai san ka yi ba. Mu da aka tarbiyyantar da mu a kan sallama kafin shiga gidan mutane, in ba a amsa ba har sau uku a juya, bai kamata wannan ya yi mana wuyar ganewa ba.

Ita kuwa katangar, irin waɗannan katangu na Yorkshire, yankin da Leeds take, babu siminti ko laka a cikinsu, duwatsu ne aka jera suna riƙe juna da nauyinsu. Wayar mai nema takan kauce da mita biyar ko goma, ba zai tsaya daidai kogonka ba. Zai fara zare duwatsu ɗaya bayan ɗaya yana leƙawa, na bayansa ma haka, kuma ba kowa ke mayar da dutse yadda ya same shi ba. Wata rana sai sashe ya rushe, tumaki su fita titi, gyara kuma sai an kira gwani an biya shi da tsada. Shi ya sa masu tantancewa na Birtaniya ba sa buga akwatin da ke jikin irin wannan katanga. Ni har kusa da ita ma ina gudu, in kuwa ya zama dole sai in rubuta ɓaro-ɓaro a shafin cewa ba a cikin katanga yake ba.

Gano mai wuri

Hanya mafi sauƙi ita ce mafi tsufa: ka ƙwanƙwasa ƙofar gidan gonar da ya fi kusa. In ba nasu ba ne sun san na wane ne, matambayi ba ya ɓata. Magatakardan majalisar ƙauyen shi ma yakan sani. In duk ya faskara, hukumar rajistar filaye ta HM Land Registry tana sayar da bayanin mai fili ta intanet a kan kuɗi kaɗan, sai dai ba kowane fili aka yi wa rajista ba, kuma sunan mai mallaka za ka gani, wanda sau da yawa ba shi ke noma wurin ba. Gonaki masu yawa a can haya ake yi, kamar yadda ake aro ko hayar gona a wajenmu. A irin wannan hali ka fara da wanda ke kiwon tumakin, don shi zai riƙa cin karo da baƙin, sannan ka tambaye shi ko akwai buƙatar a sanar da mai ƙasar.

Kafin ka je, buɗe taswirar gwamnati da ake kira MAGIC ka duba wurin. Za ta nuna maka ko yana cikin filayen da aka keɓe saboda tsirrai ko namun daji ko duwatsunsu, waɗanda ake kira SSSI, kuma sun fi 4,000 a Ingila. In yana ciki, hukumar Natural England tana da ta cewa bayan mai filin, kuma mai tantancewa zai nemi ganin shaidar izini kafin ya buga. Haka ma wuraren tarihi da doka ta kare. Sai kuma ka duba jerin yarjejeniyoyin da ƙungiyar 'yan wasan ta Birtaniya, GAGB, ta tattara. Manyan masu filaye irin su National Trust da Forestry England da Woodland Trust kowanne yana da tsarinsa da wanda ake tuntuɓa. Gefen kanal ɗin Leeds zuwa Liverpool, wato hanyar ruwan da aka haƙa wa jiragen ruwa, yana hannun Canal & River Trust, lambun Roundhay kuma na majalisar birnin Leeds ne. Wasu ƙofarsu a rufe take: lambunan sarauta na Landan ba sa karɓar akwati, filin layin dogo kuwa shigarsa ma laifi ne.

Akwai tarko ɗaya da ke kama baƙi. Jin an ce Yorkshire Dales gandun ƙasa ne sai mutum ya ɗauka filin gwamnati ne, kamar yadda yawancin na Amurka suke. A Ingila mafi yawan ƙasar da ke cikin irin wannan gandu ta manoma ce da masu manyan filaye. Hukumar gandun za ta iya ba ka shawara, amma ba za ta ba ka izini a kan gonar da ba tata ba.

Yadda nake tunkarar manomi

Da ƙafata nake zuwa, da rana, da robar a hannu. Wasiƙa ko saƙon imel daga wanda ba a sani ba, mafi sauƙin amsarsa ita ce a'a, ko shiru. Lokaci ma yana da muhimmanci. Watannin Maris da Afrilu tumaki ke haihuwa, manomi yakan kwana a tsaye, kada ka je masa da zancen wasa. Haka in ka hango shi yana yankan ciyawa hadari na haɗuwa, ka juya ka dawo wata rana.

Bayan gaisuwa ina faɗin sunana da inda nake zaune da abin da nake yi. Ba na farawa da maganar intanet ko tauraron ɗan'adam, don da ya ji haka abin da zai zo masa a rai shi ne ɗaruruwan mutane za su cika masa gona. Buɗe robar nake yi in miƙa masa, ya ga takarda da fensir da 'yan kayan wasan yara, gani ya kori ji. Sannan in gaya masa gaskiyar yawan masu zuwa kamar yadda na gani a nawa akwatunan na ƙauye: makon farko ana ɗan yin rububi saboda masu son su zama na farko, bayan nan sai mutum ɗaya ko biyu a mako, yawanci iyalai da dattawa masu yawon shan iska, lokacin sanyi ma wata ya wuce ba kowa.

Daga nan sai in yi shiru in saurara, don damuwarsa daban take da wadda nake zato. Robar ba ta dame shi ba. Abin da ke ransa ƙofar da za a bari a buɗe, da karen da za a saki cikin tumaki masu ciki, da motar da za a faka a bakin mashigar tarakta, da hasken tocila da tsakar dare, a yankin da ɓarayi ke satar injuna da dabbobi. Kowanne yana da magani a shafin akwatin: ka sa lambobin wurin fakin da ya yarda da shi, ka rubuta cewa da rana kawai ake zuwa, kare a ɗaure, ƙofa a bar ta yadda aka same ta. Ka kuma ba shi lambar wayarka da alkawarin cewa ranar da ya ce a cire, za ka rufe shafin nan take ka zo ka ɗauke.

Dabarar da ta fi yi mini aiki ita ce in bar shi ya zaɓi wurin. Na taɓa zuwa wa wani dattijo da gindin wata bishiya da na riga na ƙwallafa rai a kai. Ya girgiza kai ya ce can ruwa ke kwanciya rabin shekara, kuma da bazara bijiminsa a nan yake. Sai ya ja ni muka ɗan haura, ya nuna mini wani kututture a gefen hanya inda ake hango kwarin duka. Wurinsa ya fi nawa nesa ba kusa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Tun daga ranar akwatin ya zama kamar nasa, in ya ga murfin ya tsage shi ke kira na.

Akwai tambayar da za ka sha: in wani ya karye a gonata, wa zai biya? Kada ka yi saurin cewa babu ruwansa. A Ingila akwai dokoki biyu, ta 1957 da ta 1984, da suka bambanta nauyin da ke kan mai wuri game da wanda aka yarda ya shigo da wanda ya shigo ba izini, kuma amincewarsa tana iya shafar lissafin. Ni ba lauya ba ne, kai ma haka, don haka abin da nake cewa shi ne ya tuntuɓi kamfanin inshorarsa, ni kuma zan sa akwatin inda mai nema ba zai bar hanya ko ya hau wani abu ba. Wannan amsar ta fi kwantar musu da hankali fiye da rantsuwar da ba ta da tushe.

In ya amince, a daren ka tura masa gajeren saƙo: ga wurin, ga hoton robar, ga sharuɗɗan da muka yi, ga lambata. Amsar da ya bayar ka adana ta. Sunansa da lambarsa a cikin bayanin sirri na mai tantancewa za ka sa, a shafin da kowa ke gani kuwa ya isa ka rubuta cewa an ajiye da yardar mai gona. Izinin kuma na wannan mutumin ne. In gonar ta canja hannu, sai ka sake tambaya.

Hukumomi sai haƙuri. Wanda ke zaune a teburin karɓar baƙi ba shi da ikon cewa e, amma yana iya cewa a'a. Ka nemi jami'in da ke kula da wannan dajin ko lambun da kansa, ka cika fom ɗinsu in suna da shi, ka shirya jira na makonni.

In kuwa an ce a'a, ka yi godiya ka tafi. Akwatina na farko a ƙarƙashin wani shinge na cusa shi ban tambayi kowa ba. Bayan 'yan watanni mai gonar ya kama wasu suna yamutsa masa shinge, ya ɗauke robar, ya kai ƙara, aka rufe shafin. Da na je ba da haƙuri ya saurare ni, amma ya ce daga ni har waninmu kada a ƙara. Wasu da suka zo bayana da ladabinsu da takardunsu duk amsar da suka samu ke nan, wake ɗaya ya ɓata gari.

Abin da ya faru a Wetherby

Wannan ya shafe ka don garin yana nan kusa da kai, cikin yankin Leeds. A watan Yulin 2011 wata ma'aikaciyar gidan shayi ta ga wani mutum yana waige-waige ya cusa 'yar roba a ƙarƙashin tukunyar furanni a tsakiyar garin. Ta kira 'yan sanda, aka rufe titi da shaguna na sa'o'i, sojoji masu kwance bam suka zo suka tarwatsa robar. Akwatin jiyokashin ne. Da masu shagunan da ke wurin sun san da shi, da maganar ba ta wuce dariya ba. Wani amfanin izini ke nan da ba a cika faɗa ba: yana samar da wanda zai ce na san abin nan.

Bari kuma in gaya maka a matsayin yayanka. Ni da kai, da launin fatarmu da sunayenmu, in aka gan mu muna laluben ƙarƙashin benci da jaka a baya, ba lallai a yi mana uzurin da za a yi wa wata tsohuwa mai yawo da karenta ba. Ban ce ka bar wasan ba. Ka yi amfani da roba mai garai-garai da ake ganin cikinta, ka manna mata takarda da ke bayyana ko mene ne da yadda za a same ka, ka guji bututun da aka naɗe da baƙin tef da tsofaffin akwatunan harsasai da Amurkawa ke so, ka nisanci gadoji da tashoshi. Saƙon izinin kuma ya zauna a wayarka.

Batun gida

Ƙa'idar shafin ita ce mai akwati ya iya zuwa ya gyara in an samu matsala, saboda haka ba sa karɓar wanda aka ajiye a hutu sai ka kawo sunan wani mazaunin wurin da zai riƙa kula da shi. Ka fara samun ƙani ko aboki da zai ɗauki wannan nauyin.

Gogewata a Ingila take, abin da zan faɗa a nan sanin gida ne kawai. A Najeriya dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna, amma a aikace wanda za ka tambaya shi ne mai gonar ko mai gidan, sannan mai unguwa ko dagaci ya sani. Kada ka tsallake wannan. Ka kalli lamarin da idon manomi a garinku: ya tsinci gwangwani a kogon kuka a gonarsa, a ciki ga takarda a naɗe da sunayen mutane da kwanan wata. Wa zai hana shi cewa sammu aka yi masa? A cikin birni kuma, bayan shekarun da aka sha na tashin bama-bamai, baƙon da ke cusa abu a lungu zai iya haɗuwa da fushin jama'a kafin a kai ga tambaya. In za ka yi, ka sa shi a jikin shingen gidanku ko gonarku, inda mutanen gida da maƙwabta da 'yan sintiri duk sun san da zamansa.

Akwai kuma nau'in da babu akwati sam, wanda ake kira EarthCache, da aka fara a 2004 tare da ƙungiyar masana duwatsu ta Amurka. Mai ziyara zuwa yake yi ya duba yanayin ƙasa ko dutse ya amsa tambayoyin da ka shirya. Wuri irin Dutsen Dala ko maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Wikki a Yankari ya dace da wannan sosai. Shi ma sai ka sanar da masu kula da wurin sun yarda, amma zancen ya fi sauƙi tunda babu abin da za ka bari a bayanka.